Yarinyar da Ta Kwance Rigar Itace

A wani ƙauye kusa da Masaka akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da mahaifiyarta, da yayanta Kivumbi, da kakansu. Sunan kakan Lutaaya, amma kowa a gidan Jajja yake ce masa.

Yarinyar ta iya aikin hannu. In ta ga abu sau ɗaya, sai ta yi irinsa. In ƙawarta ta ɗaura ƙwallo da igiyar ayaba, ita ma za ta ɗaura. In wata ta saƙa ɗan kwando, ita ma za ta saƙa. Amma ba ta taɓa yin wani abu nata na kanta ba. Kullum sai ta leƙa na wani.

Jajja mai bugun lubugo ne, mayafin nan da ake yi da ɓawon itacen mutuba. Yana da rumfa a bayan gida. A cikinta akwai dogon gungume da gudumomin itace. Tun da safe ake jin ƙarar bugunsa har bakin hanya.

A ƙarshen gonar ayaba akwai wani babban mutuba. Mahaifin Jajja ne ya dasa shi. Sauran da ya dasa duk sun mutu, wannan kaɗai ya rage. Jajja yana kiran itacen Tsohuwa. Ɓawonta ya fi na kowane itace laushi, kuma in ya sha rana yakan yi ja mai kyau.

Kowace damina Jajja yakan saɓule ɓawon Tsohuwa. Sai ta tsaya fara fat, jikinta da danshi. Nan take zai naɗe ta da ɗanyen ganyen ayaba daga sama har ƙasa, ya ɗaɗɗaure da igiya. Wannan ita ce rigar itacen. A cikinta sabon ɓawo yake fara fitowa.

Wata Laraba da yamma yarinyar ta tsaya tana kallon sa yana wannan aiki.

Ta ce, "Jajja, me ya sa kake sa wa itace riga?"

Ya ce, "Ke in an tuɓe miki fata, za ki so a bar ki a rana?"

"Ni ai ba itace ba ce."

"Gara ma itace. Shi ba ya damun mutum da tambaya. Miƙo mini igiyar can, amaryata."

Haka yake kiran ta in yana cikin raha. Ta miƙa masa tana dariya.

Igiyar Jajja ba irin ta kowa ba ce. Yakan zaga gona ya zaɓi busasshen ɓawon ayaba mai tsawo, na jikin bishiyar, ba na 'ya'yan ba. Sai ya tsaga shi siri-siri, ya yayyafa masa ruwa, ya ajiye a inuwa har ya yi laushi. Yarinyar ta shafa igiyar. Santsi gare ta kamar zare.

A makon nan ne malamarsu, Malama Nassuna, ta ba su aiki. Ta ce ranar Juma'a kowa ya zo da abin da ya yi da hannunsa.

Ta ce, "Kowa ya yi abin da ya zo masa a rai. Ku fara tara kayanku tun yau."

Wata 'yar ajinsu mai suna Nakyanzi ta riga kowa gamawa. Ta yi 'yar tsana da ɓawon ayaba, mai dogon kitso har baya. Ta nuna wa ƙawayenta a ɓoye lokacin tara. Kowa ya ce ta yi kyau. Yarinyar ta ƙura mata ido, ta ce a ranta, "Zan yi irinta. Kitson tawa ma sai ya fi tsawo."

Amma ba ta tara igiya ba. Kullum in an tashi daga makaranta sai ta tsaya wasan jifa da ƙwallo.

Mahaifiyarta ta ce, "Kin tara igiyarki?"

"Gobe, Maama."

"Jiya ma gobe kika ce."

"Ai gonar ba gudu za ta yi ba."

Ranar Alhamis da safe Jajja ya shirya tafiya. Za a yi taron ƙarshen makoki na wani ɗan'uwansa a wani gari mai nisa. Ya naɗe lubugo mai kyau ya ɗaura a bayan keke. Sai ya kira yarinyar. Ta zo ta durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Zan yi 'yan kwanaki. Ga Tsohuwa nan na bar miki. Safe da yamma ki leƙa ta. In kin ga ganye ya zame, ki gaya wa Kivumbi ya gyara."

"To, Jajja. Me za ka kawo mini?"

"In sun rage ƙashi, naki ne."

"Ni ba kare ba ce."

"To sai na kawo wa Tsohuwa. Ita ba ta raina tsaraba."

Ya hau kekensa ya tafi.

Da yamma ta dawo daga makaranta, sai ta tuna gobe Juma'a. Ta ruga gonar ayaba. Ta ja wani busasshen ɓawo, ta lanƙwasa, ya karye. Ta ja wani daga ƙasa, ruwan sama ya ruɓar da shi. Ta yi ta ja tana yarwa. Babu wanda zai yi kitso. Mai kyau sai an zaɓa, an tsaga, an jiƙa, an jira. Ita kuwa ba ta da lokacin jira.

Tana cikin haka ta kai ƙarshen gona. Ga Tsohuwa tsaye cikin koriyar riga. Ga igiyar Jajja zagaye da ita, doguwa, mai santsi, a tsage daidai.

Yarinyar ta tsaya. Ta duba baya, ba kowa.

Ta ce a ranta, "Aro ne kawai. Ganyen ai ya riga ya manne. Gobe in an gama kallo zan dawo da ita."

Hannunta bai kai sama ba. Don haka ta kwance na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa daidai kanta. Ganyen bai faɗi ba. Ta ce, "Ka gani." Ta naɗe igiyar ta koma gida da sauri.

Kafin a gama dafa abinci ta gama 'yar tsanar. Ta yanka igiyar gutsi-gutsi, ta yi hannaye da ƙafafu. Sauran ta yi kitso da shi har ƙugu.

Washegari yara suka jera kayansu a kan tebur. Wani ya yi mota da waya. Wata ta yi saniya da yumɓu, ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Malama Nassuna tana bi tana dubawa. Ta ɗauki saniyar ta yi murmushi.

Mai saniyar ta ce, "Tamu ce ta gida, Malama. Haka take ɗingishi."

Malama ta ce, "Na gane ta. Ita ce ta taɓa bi na a hanyar rijiya."

Da ta zo kan 'yan tsana biyu, sai ta tsaya. Ta ɗaga ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu.

Ta ce, "Wacce ce ta Nakyanzi?"

Wani yaro daga baya ya ce, "Tagwaye aka haifa mana." Aji ya fashe da dariya. Nakyanzi ta ɓata rai, ta karɓi tata ta juya baya.

Malama ta dubi yarinyar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Hannunki ya iya aiki, wannan ba shakka. Amma na ce kowa ya yi abin da ya zo masa a rai. Wannan a ran Nakyanzi ta zo. Ina naki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Ta koma gida ranta a ɓace. Ta jefa 'yar tsanar ƙarƙashin gado. Ba ta tuna da Tsohuwa ba. Ranar Asabar ta bi mahaifiyarta kasuwa. Ranar Lahadi suka tafi coci. A duk kwanakin nan ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe da zafi, ga iska da yamma.

Suna dawowa daga coci ta ga akuyarsu tana tauna wani yagaggen ganyen ayaba. Ta ruga ƙarshen gona ko takalmi ba ta cire ba.

Rigar Tsohuwa ta ƙasa babu ita. Iska ta zame ganyen, awaki sun cinye. Jikin itacen a buɗe yake. Gefen da ke fuskantar ranar yamma ya bushe, ya yi baƙi, ya tsattsage. Ta taɓa wurin. Babu danshi ko kaɗan. Kamar itacen girki.

Ta yi sauri ta yanko sabon ganye. Ta ɗauko 'yar tsanar ta warware ta. Amma igiyar duk ta zama guntaye. Ta yi ta ƙulla wannan da wancan har ta samu ta ɗaure ganyen. Daga nesa kamar ba abin da ya faru.

Ba ta gaya wa kowa ba. Da aka zuba abinci, dafaffiyar ayaba da miyar gyaɗa, ta kasa ci.

Mahaifiyarta ta ce, "Lafiya?"

"Ba na jin yunwa, Maama."

Kivumbi ya ce, "To miƙo nan. Ni ina ji." Ya janye kwanon.

Ranar Litinin da yamma Jajja ya dawo. Ya kwance rake daga bayan keke ya miƙa mata.

Ya ce, "Ƙashin ya ƙare, sai wannan. Yaya Tsohuwa?"

Ta ce, "Tana nan."

Ko ruwa bai sha ba ya nufi ƙarshen gona. Kivumbi da mahaifiyarsu suka bi shi suna tambayar labarin 'yan'uwa. Yarinyar ta biyo a baya, rake a hannu.

Jajja ya tsaya gaban itacen. Ya sa yatsa ya taɓa wani ƙulli.

Ya ce, "Wannan ba ɗaurina ba ne."

Ya kwance a hankali. Ganyen ya faɗi. Kowa ya ga baƙin wurin. Jajja ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya daɗe bai ɗaga ba.

Mahaifiyarsu ta juya ga Kivumbi. "Kai ne ka saki awakin nan. Sau nawa zan ce ka ɗaure su?"

Kivumbi ya ce, "Na sake su, Maama. Amma akuya ba ta kwance ƙulli."

Jajja ya tsinci wani guntun igiya daga ƙasa. Ya ɗaga shi sama. Rabinsa a kitse yake.

Ya ce, "Kuma ba ta yin kitso."

Raken ya suɓuce daga hannun yarinyar. Ta durƙusa a ƙasa, hawaye na zuba.

Ta ce, "Ni ce, Jajja. Ba Kivumbi ba ne. Na kwance igiyar na yi 'yar tsana. Na ce zan dawo da ita, sai na manta."

Mahaifiyarta ta ce, "Ke da aka bar wa amana?"

Jajja ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Ya dubi yarinyar. Muryarsa a ƙasa take.

Ya ce, "Igiya kike so?"

"E, Jajja."

"Akwai dami guda a rumfa, a rataye bayan ƙofa. Ragowar wannan ce. Da kin tambaye ni, ko ki tambayi uwarki, da an ba ki duka."

Wannan magana ta fi duka zafi. Kukanta ya ƙaru.

Ta ce, "Za ta mutu?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ubana ya bar mini ita lafiya. Na so in bar muku ita lafiya."

Ya juya ya tafi rumfarsa. Ranar ba a ji ƙarar guduma ba.

Da gari ya waye ya kira ta. Bai ce amaryata ba. Ya ce, "Ke, zo."

Ta zo ta durƙusa.

Ya ce, "Ke kika tuɓe ta, ke za ki yi jinyarta. Je ki garke ki ɗebo ɗanyen kashin shanu."

Ta ɗebo a tsohon kwano. Ya nuna mata yadda za ta shafa a kan ciwon, da hannu, ba da tsinke ba. Kivumbi ya zo wucewa ya toshe hanci.

Ya ce, "Yau kam kada ki sa hannu a kwanona."

Ta ci gaba da shafawa.

Da ta gama ta nufi rumfa za ta ɗauko damin igiyar. Jajja ya ce, "A'a. Wannan tawa ce. Ki yi taki."

Ta shiga gona. Wannan karon ba ta yi sauri ba. Ta kawo ɓawo, ya lanƙwasa, ya karye.

"Ya bushe da yawa. Koma."

Ta kawo wani. Ya shinshina. "Ya fara ruɓa. Koma."

Ta koma. Ta riƙa taɓa kowane ɓawo kafin ta ja. A nan ne ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Ashe ɓawon ayaba ba launi ɗaya ba ne. Akwai baƙi wuluk. Akwai ruwan ƙasa. Akwai fari-fari kamar madara. Akwai mai ɗige-ɗige kamar ƙwan zabuwa. Duk shekarunta tana wucewa ta cikin gonar nan, ba ta gani ba.

Ta tsaga, ta jiƙa, ta ajiye a inuwa. Ta jira. Da igiyar ta yi laushi, ta naɗe Tsohuwa da sabon ganye. Jajja ya ja ƙullin ya ji. Bai kwance ba.

Daga ranar, safe da yamma tana wurin itacen. Ta daina tsayawa wasan ƙwallo. Ta kafa ƙaya kewaye da gindin don awaki. Da lokacin cire riga ya yi, sai aka ga sabon ɓawo ya fara fitowa ko'ina, ban da wurin ciwon. Sannan ganyen reshen da ke wannan gefen ya yi rawaya, ya fara zuba. Kullum sai ta tsince shi tana kuka a hankali.

Ta ce wa mahaifiyarta, "Maama, Jajja ya daina so na."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba ya tsokana ta."

Mahaifiyarta ta ajiye wuƙar da take feraye ayaba da ita. Ta ce, "Baƙin ciki yake yi, ba ƙi ba. A gindin itacen nan ubansa ya koya masa riƙe guduma. Ki bar shi, ki yi aikinki."

Wata rana tana zaune a gindin Tsohuwa, ragowar igiya a cinyarta. Akuyar nan ta zo ta tsaya bayan ƙaya tana kallon ta, tana tauna. Cikinta ƙato, kunnenta ɗaya a karye. Yarinyar ta harare ta. Akuyar ba ta ko motsa ba.

Ba tare da ta shirya ba, hannunta ya fara naɗi. Ta yi ƙaton ciki da baƙin ɓawo. Ta yi siraran ƙafafu. Ta lanƙwasa kunne ɗaya. Ta tsinki ɗan koren ganye ta soka a bakin.

Ba ta ji tahowar Jajja ba, sai ganin inuwarsa ta yi.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Ta so ɓoyewa. Ya miƙa hannu, ta ba shi. Ya dubi abin, ya dubi akuyar. Ya sake duban abin. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya yake yi.

Ya ce, "Ga ɓarauniya ta biyu an kama. Har da kayan sata a baki. A ina kika ga irin wannan?"

"Ban gani a ko'ina ba, Jajja. Ita na kalla."

Ya ce, "Hmm." Ya tafi da akuyar igiyar, ya rataye ta a rumfarsa. Har yau ba a sauke ta ba.

Bayan wasu makonni, wata safiya, ta ga ƙananan ganye jajaye a kan reshen da ya zube. Ta ruga rumfa.

"Jajja, zo ka gani."

Ya zo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ta ƙi mutuwa. Taurin kai gare ta, kamar wata amarya da na sani."

Yarinyar ta yi dariya, hawaye na zuba.

Tsohuwa ta rayu. Amma ciwon bai rufe duka ba. Ya bar tabo zagayayye, kamar faɗin faranti, inda ɓawo ba ya fitowa.

Da damina ta zagayo, Jajja ya sake saɓule ɓawon. Wannan karon yarinyar ce ta tanadi igiya tun kafin ranar. Ita ta ɗaure rigar ta ƙasa, Kivumbi ya ɗaure ta sama. A rumfa Jajja ya buga ɓawon, ya yi faɗi, ya yi laushi. Amma yadda mayafin yake faɗi, haka ramin tabon yake faɗi. Da aka shanya shi a rana ya yi ja mai kyau, sai ga ƙaton rami a gefe ɗaya, ciyawa na leƙowa ta ciki.

Yarinyar ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Ba za a iya ɗinke shi ba?"

Jajja ya ce, "Ƙaramin rami ake ɗinkewa. Wannan ya yi girma. Cikakken lubugo ake kaiwa gidan suruki ko gidan makoki, ba irin wannan ba."

"Baɗi fa?"

"Baɗi ma haka. Tsohuwa ba za ta ƙara ba da mayafi cikakke ba."

Ta gane akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa duka, ko mutum ya yi nadama.

Jajja ya ɗauki wuƙa ya yanke gefen mai ramin. Ya miƙa mata.

Ya ce, "Ungo. Wannan aikinki ne."

"Me zan yi da shi?"

"Ban sani ba. Ba wanda yake da irinsa a ƙauyen nan. Ba ki da wurin leƙe."

Ta kai shi ɗaki. Kwana da kwanaki tana shimfiɗa shi tana kallo. Da farko ba ta son ganin ramin. Yana tuna mata da abin da ta yi. Wata yamma ta ɗaga mayafin a bakin ƙofa don ta kakkaɓe. Sai hasken rana ya shigo ta ramin, ya sauka a ƙasa, zagayayye. Ta tsaya cak. Ta sake ɗagawa.

Washegari ta shiga gona. Ta zaɓi ɓawon ayaba mafi haske. Ta tsaga, ta jiƙa, ta jira. Ta saƙa shi kamar ƙaramar tabarma, ta ɗinka a bayan ramin. Ramin ya zama rana. Da baƙin ɓawo ta yi itace a ƙarƙashinta. Da mai ɗige-ɗige ta yi wa itacen riga, da ƙananan ƙulli. A gefe ta sa akuya mai karyayyen kunne. Mahaifiyarta ta nuna mata yadda za ta ninke bakin don kada ya yage. Allura ta soke ta sau da yawa. Wani wuri ta farke ta sake. A ƙarshe ta ninka mayafin ta ɗinke, ta kitsa masa maratayi. Ya zama jakar littattafai.

Ranar da ta rataya ta zuwa makaranta, yara suka kewaye ta. Malama Nassuna ta hango, ta kira ta.

Ta juya jakar gaba da baya. Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Malama."

"A wurin wa kika gani?"

"Ba a wurin kowa ba. Abin da ya faru a gidanmu ne." Sai ta ba da labarin duka, ba ta ɓoye komai ba.

Malama ta ce, "Bara na yi miki tambaya, ba ki amsa ba. Yau kin amsa."

Lokacin tara Nakyanzi ta matso kusa da ita. Tun ranar 'yan tsana ba su cika magana ba.

Yarinyar ta ce, "Ki yi haƙuri da na kwaikwayi taki."

Nakyanzi ta ce, "Ya wuce. Ni ma yanzu zan yi irin jakarki, mu zama ɗaya da ɗaya."

"Sai kin fara ɗebo kashin shanu da hannu."

"A'a, riƙe abarki. Ki dai koya mini saƙar nan ta tsakiya."

Suka yi dariya tare.

Da ta koma gida ta tarar da Jajja yana yanke wani reshe daga Tsohuwa. Ya miƙa mata.

Ya ce, "Amaryata, je ki haƙa rami can kusa da ita. Mutuba da reshe ake dasa shi. Wannan naki ne. In ya girma, ke za ki sa masa riga."

Ta dasa shi, ta kewaye shi da ƙaya.

Yarinyar ta girma. Yanzu tana da ɗan shago a Masaka, inda take ɗinka jakunkuna da huluna na lubugo da ɓawon ayaba. Ba ta leƙa na kowa. Takan kalli abin da ke gabanta, kaza ko kwalekwale ko tsohuwa mai ɗauke da itace, sai ta yi. A jikin kowane abu takan sa 'yar ƙaramar rana a gefe. In ta je gida takan tsaya wurin Tsohuwa, ta ɗora hannu a kan tabon. Har yanzu takan ji ba daɗi. Kusa da ita kuwa ga nata itacen, ya yi tsawo, yana ba da mayafi cikakke.

Yara, idan an ba ku amanar abu, ku kula da shi. Kada ku ɗauki abin da ba naku ba ku ce aro ne. Ku tambaya, wataƙila abin da kuke nema yana rataye bayan ƙofa. Ku tanadi kayan aikinku da wuri. Kuma idan za ku yi abu da hannunku, kada ku tsaya leƙen na wani. Ku buɗe ido ku kalli abin da ke kewaye da ku. A nan naku yake.